Kurmin Kuros Riba: baƙi masu yawon buɗe ido za su iya sa injin katako ya yi shiru?

Abu Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai bari in fitar da ita. Na yi bautar ƙasa a ƙaramar hukumar Boki a jihar Kuros Riba, ina koyarwa a wata sakandare, kuma watan jiya na koma ziyara bayan shekaru da yawa. Wanda bai taɓa shiga kurmin can ba wallahi ba zai gane abin da nake nufi ba, da rana tsaka ka shiga amma sai ka ji kamar magariba ta kawo jiki, bishiya ɗaya mutum biyar ba za su zagaye gindinta da hannu ba, ƙasa duk ganye ne jiƙaƙƙe, kana tafiya ba ka jin takunka sai kukan tsuntsaye da ƙwari ta ko'ina. A gindin dutsen Afi akwai wurin da ƙungiyar Pandrillus ke kiwon wasu birai da ake kira diril, baƙar fuska gare su kamar an shafa mata mai, kuma duk duniya babu su sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Can saman dutsen kuma akwai gwaggon birin nan gorila na Kuros Riba wanda masana ke cewa duk abin da ya rage bai wuce 300 ba, har da na ɓangaren Kamaru.

To abin da ya tayar min da hankali wannan karon, daga kan titin Ikom zuwa Obudu ina jin kukan injin yankan katako daga cikin daji, safe da yamma. Wurin da na sani duhu ne da can yanzu rana na dukan ƙasa, an shuka koko da ayaba. Wani tsohon ɗalibina shi ya raka ni cikin daji, yaro ne da ya san sunan kowace bishiya da kukan kowane tsuntsu, na tambaye shi baƙi nawa ya raka a bana ya ƙirga min da yatsun hannu bai gama hannu biyu ba. Ya ce malam idan aka kira ni ɗaukar katako gobe zan je, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ban iya ce masa komai ba.

Tambayata ita ce, yawon buɗe ido zai iya riƙe dajin nan kuwa? Kuma mu 'yan arewa da muke sayen katakon, kuma ba ma zuwa kallon dajin, ina namu alhakin?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Kai subhanallah, ni wlh ban san akwai gorila a Najeriya ba sai yau, na ɗauka sai Ruwanda da Kwango

Abu Hanan: Akwai su Hajiya. A 2020 ma ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya ta ɗauka a duwatsun Mbe, garke guda har da jarirai a bayan iyayensu. Mbe ɗin nan ba ta da nisa da Afi.

Alhaji Mai Katako: Malam Abu Hanan na ga ka jefo mu ciki, to bari in amsa tunda shekarata sama da ashirin a wannan sana'ar. Gaskiya ne kaya na zuwa mana daga Ikom da kewaye, ban musa ba. Amma duk wanda ke cikin wannan zauren ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗakinsa, da me aka yi shi? Ƙofar gidanka, bencin masallaci, gadon amarya, allon makaranta. Mu ba mu shiga daji da inji ba, kaya ake kawo mana da takarda mu biya. Kuma ka tuna gwamna Liyel Imoke ya hana sarar itace gaba ɗaya a jihar tun 2008, dokar ta kai har 2023 kafin gwamna Bassey Otu ya ɗage ta, shekara goma sha biyar kenan. A cikin shekarun nan katako ya daina fitowa? Bai daina ba ko na wata ɗaya, tsada kawai ya ƙara kuma ya koma tafiyar dare. Saboda haka ni ban ga yadda Bature ɗaya da kyamara a wuya zai yi abin da dokar gwamnati ta kasa ba.

Direban Tirela: Alhaji ya faɗi gsky. Ni na sha ɗauko lodi daga can, daga inda aka loda zuwa iyakar Binuwai shinge ya fi a ƙirga kuma kowane shinge da kasonsa, babu wanda ya taɓa ce min sauke

Abu Hanan: Alhaji Allah ya ƙara girma, ba zarginka nake ba, kuma maganarka ita ce ma hujjata. Dokar ta kasa ne saboda an hana mutumin ƙauye taɓa bishiya ba a ba shi komai a madadinta ba. Da can akwai kason da ake ba ƙauye idan an sare itace a dajinsu, da aka yi hanin sai kason ya tsaya amma sarar ba ta tsaya ba, kenan bishiya ta tafi kuɗin ma ya tafi. Abin da nake so mu duba shi ne hanyar da bishiya za ta riƙa kawo wa ƙauye kuɗi tana tsaye.

Injiniya Sadik: Ruwanda ta riga ta nuna ana iyawa ai. Takardar izinin ganin gorila a gandun dajin duwatsun aman wuta dala 1,500 ce ga baƙon waje tun 2017, mutum takwas kacal ake bari su je wurin garke ɗaya a rana kuma awa ɗaya za su yi su juyo. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da gandayen daji suka samu ana maida shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina ajujuwa da asibiti da tankin ruwa. Tsofaffin mafarauta yanzu su ne 'yan dako da masu bin sawu. Har bikin suna suke wa jariran gorila duk shekara, Kwita Izina suke ce masa. Gorilan dutse da aka fidda rai da su yanzu sun haura 1,000. Me zai hana mu kwafa?

Abu Hanan: Injiniya a nan ne gizo ke saƙa. Na Ruwanda an ɗauki shekaru ana saba musu da mutane har suka daina gudu. Namu na Kuros Riba ba a saba musu ba, kuma masu kula da su da gangan suke ɗari-ɗari da yin hakan, saboda ranar da gorila ya daina tsoron mutum to ya daina tsoron mai bindiga ma, ga su ba su da yawa, ga mura da tarin ɗan adam na kama su, garke ɗaya ya kamu an yi babbar asara. Akwai ma'aikatan da suka yi shekaru suna sintiri a dutsen nan ganin da suka yi wa gorila ido da ido bai taka kara ya karya ba, sai dai sheƙar da ya kwana a ciki da kashinsa da ragowar abin da ya ci. To ka ga ba za ka ce wa mutum kawo dala 1,500 in nuna maka kashin biri ba.

Injiniya Sadik: To in ba gorila me za a sayar wa baƙon?

Abu Hanan: Dajin kansa mana. Diril ɗin nan kana tsaye za ka gansu garke-garke. A Boje, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris, tsattsewa da suka taso daga Turai suna kwana a cikin dogayen ciyayin gefen tsauni, na taɓa tsayawa da magariba na ga sama ta yi baƙi ƙirin da su sannan cikin mintoci kaɗan suka zubo cikin ciyawa kamar an juye buhun gero, har yau in na tuna tsigar jikina na tashi. Ga magangarar ruwan Agbokim kusa da Ikom, ga duwatsun nan masu sassaƙen fuskar mutum a Alok, ga gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991 mai ɓangare biyu, Oban da Okwangwo, wajen murabba'in kilomita 4,000. Abin gani bai yi kaɗan ba.

Ɗan Bogobiri: Salam 'yan uwa, ni a Kalaba aka haife ni, a Bogobiri, kakana ne ya zo daga Kano. Bari in faɗa muku abin da muka gani da idonmu. Lokacin Donald Duke garin nan ya ga baƙi, an fara bikin kanibal a 2004, an yi motar igiyar nan ta Obudu a 2005 mai hawa dutse wajen kilomita huɗu, an buɗe Tinapa, wurin kasuwanci da shaƙatawa, a 2007, a watan Disamba masu tsire a unguwarmu ba sa barci, masu canji ma haka. To yau ina Tinapa? Motar igiyar ma ta sha yin dogon zama ba ta motsi. Matsalarmu a ƙasar nan mun iya gini ba mu iya riƙo ba, kowane gwamna so yake ya yi nasa sabo mai ɗauke da sunansa. Kuma abin da ya fi damuna, ko lokacin da baƙin ke zuwa kuɗin a Kalaba da manyan otal yake tsayawa, mutumin Buanchor ko na Oban da dajin ke bayan gidansa sai dai ya ga ƙurar mota.

Maman Ilham: To ai wannan shi ne a yi tuya a manta da albasa

Ɗan Bogobiri: Sosai Hajiya. Sannan kar ku manta a 2015 aka zo da maganar babban titi mai kilomita 260 daga Bakasi zuwa iyakar Binuwai lokacin gwamna Ben Ayade, har gwamnati ta ce ta karɓe fili kilomita 10 dama da hagu na titin. Mutanen Ekuri ne suka tsaya kai da fata, su da suke riƙe da dajinsu na gado sama da hekta 33,000 da kansu, har lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka samu a 2004 kan yadda suke kula da shi. Sai da aka kai ruwa rana kafin aka janye maganar kilomita 10 ɗin a 2017. Ni abin da na koya a nan, inda ƙauye ke ganin dajin nasa ne to zai tare buldoza da ƙirjinsa, inda kuma yake ganin na gwamnati ne shi zai nuna wa mai inji hanya.

Alhaji Mai Katako: Ɗan Bogobiri ka yi magana. Amma ku yi min lissafi irin na 'yan kasuwa. Babbar bishiya ɗaya in aka yanka ta, mai gona ya samu, mai inji ya samu, yaran da suka ɗauko a ka zuwa bakin hanya sun samu, direba ya samu, duk a cikin sati ɗaya kuma kuɗi a hannu. Baƙo nawa za su zo kafin su haɗa wannan? Kuma da damina fa, wata shida ana ruwa hanya ta yanke, wa zai zo? Yaron da Abu Hanan ya ba da labari me zai ci daga Mayu zuwa Oktoba?

Abu Hanan: Wannan tambayar ta Alhaji ita ce ta hana ni barci, kuma ba zan yi ƙarya in ce yawon buɗe ido shi kaɗai zai biya ba. Sai dai bishiyar da aka yanka sau ɗaya ake cin kuɗinta, irin waɗancan kuwa wanda ya yanka ba zai ga madadinta ta girma ba, jikansa ma da ƙyar. Kuma dajin ba baƙi kaɗai yake ciyarwa da su ba, matan can da ganyen afang da ƙwallon ogbono suke biyan kuɗin makarantar yara, ogbonon da muke saya a kasuwannin arewa mudu-mudu daga irin dazukan nan yake fitowa. Rafukan da suke sha daga dutsen suke gangarowa. A 2012 an yi ambaliya da zaftarewar ƙasa a yankin Afi ta yi ɓarna sosai, mutanen wurin har yau suna labarinta. To kuɗin baƙi ƙari ne a kan waɗannan, shi ne ɗan abin da zai sa saurayi ya ce bari in ƙi kiran mai inji yau.

Baba Zango: Assalamu alaikum, gaisuwa daga Gana. Ina zaune a Kef Kos, gandun dajin Kakum na nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ina bin maganar nan tun ɗazu. Mu a nan ba gorila muke nunawa ba, giwayen kurmi ma da ke ciki ba kasafai baƙo ke ganinsu ba. Abin da ya ja mutane gadar igiya ce da aka ɗaura a saman bishiyoyi a 1995, gada bakwai a jere, tsawonsu duka ya haura mita 300, kana tafe tana lilo, ka leƙa ƙasa ka ga kan bishiyoyi a ƙarƙashin ƙafarka. Kuma ku ji wannan da kyau, yawancin masu zuwa 'yan Gana ne. Ranar hutu bas-bas na 'yan makaranta da 'yan coci da ƙungiyoyin matasan zango, kuɗin shigar ɗan ƙasa daban na baƙon waje daban. Ku daina jiran Bature 'ya'yana. Lokacin korona da jirage suka tsaya kowa ya ga abin da ya samu wuraren da suka dogara da baƙin waje kaɗai.

Injiniya Sadik: Baba wannan batu ne babba. Najeriya mutum sama da miliyan 200, ko 'yan makaranta kaɗai aka samu sun isa

Baba Zango: Amma kar in ba ku rabin labari. Manoman da ke gefen dajin suna kuka da giwaye, dare ɗaya su shiga gonar rogo ko masara su gama da ita, mutane har tsumma suke jiƙawa da barkono da baƙin mai su rataya a igiya kewaye da gona don warin ya kore su. Manomin nan in ka ce masa giwa na kawo baƙi zai tambaye ka nawa ya shigo aljihunsa. Sannan ranar da mutane suka yi yawa ihu da kiɗan waya ke tashi a kan gadar, tsuntsu ko biri ba ya tsayawa, wanda ke son ganin wani abu sai ya yi sammako kafin bas su iso. Yawan baƙi ma in ba tsari wata cuta ce.

Maman Ilham: Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mun je Yankari da yara, wlh abin da na gani a bakin ruwan Wikki na halin mu masu ziyara sai da na ji kunya, ledar fiya wata, robar lemo, famfas, kuma mutane na miƙa wa birai biskit suna dariya, shi ya sa biran suka koma fizgar jaka a hannun mata. In da wannan halin za mu kwasa mu kai kurmin da ya rage to gara mu zauna a gida. Dole a ce ga adadin da za su shiga a rana, ga ɗan jagora, duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, a ƙirga robobin ruwanka a ƙofa in ka dawo babu ɗaya ka biya tara.

Sannan ina da tambaya ta mata. In an ce kuɗi ya shiga ƙauye hannun wa yake shiga? Don in dai sarki da 'yan kwamiti ne maza zalla to matar da aka hana shiga daji tsinkar ganye ita aka cuta sau biyu. A ba mata girkin baƙi da wankin masauki da sayar da zuma da ogbono kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun kowa ba.

Abu Hanan: Hajiya kin yi daidai. A Mbe ƙauyuka tara ne suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu ta kare dutsen, masu sintirin 'ya'yan ƙauyukan ne, wasunsu da can mafarauta ne, yanzu su ke bi suna kwance tarkon waya. Irin wannan tsarin ne zai iya karɓar baƙi kuɗin ya zauna a gida. A ce kowane baƙo ya biya kuɗin ƙauye daban da kuɗin ƙofa, a rubuta a allo a bakin kasuwa ko ƙofar fada, wata kaza baƙi kaza kuɗi kaza an yi kaza da shi, kowa na gani.

Na Serti: Jama'a kuna ta Kuros Riba kun manta da na ƙofar gidanku. Gashaka Gumti fa, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ɓangaren kudu kurmi ne sosai, bakin rafuka da kan tsaunuka. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, Chappal Waddi, mita 2,419, yana ciki. Muna da biri mai ganga, wato cimfanzi, haka muke kiransa a nan saboda yadda yake dukan saiwar bishiya ka ji kamar ana kiɗa daga nesa, masu bincike sun yi shekaru suna zama a Kwano, cikin dajin, saboda shi. Ga dorinar ruwa a Mayo Kam. Kuma nan in ka zo da Hausa ko Fulatanci za ka yi komai, masallaci ga shi, abinci ba ka da shakka.

Mu ma mun ɗanɗana, lokacin da aka yi rububin madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, ana lodawa zuwa Chaina, Taraba ta ga tashin hankali, samari sun riƙe kuɗi na ɗan lokaci suka sayi babura, yau kuɗin babu itacen babu. Tun 2017 da gidauniyar ANI mai aikin kare daji ta shiga yarjejeniya da hukumar gandun dajin ƙasa an ɗauki samarin yankin aikin sintiri, ni na san gidajen da albashin nan ke riƙe da su.

Alhaji Mai Katako: Na Serti maganar madrid kam ba ƙarya, mu kanmu 'yan kasuwar gida sai da ta gagare mu saya

Direban Tirela: To amma tsaro fa? Da hanya? Ni da nake bin titunan nan ba zan ɗauki iyalina in bi da su wasu wuraren da yamma ba. Daga Kalaba zuwa Ikom kaɗai in damina ta ci titi sai ka yini. Ba wanda zai biya kuɗi ya je a sace shi

Na Serti: Gaskiyarka direba, ba zan ce maka babu matsala ba. Shi ya sa duk mai zuwa ya fara tuntuɓar ofishin gandun dajin, a ba shi ma'aikaci, ya yi tafiyar safe, ya zo da rani daga Disamba zuwa Maris lokacin da rafuka suka janye. Amma ka lura da wani abu, dajin da ba kowa ke shiga ba shi ɓarayi ke so. Inda ake sintiri kullum, ana ganin motar baƙi, ƙauye na da abin da zai rasa in an taɓa baƙo, to labari na saurin fita.

Malam Ƙarami: Assalamu alaikum. Ina so in ƙara wani abu don wasu na ganin yawon daji aikin Turawa ne ko ɓata kuɗi. A cikin suratul Ankabut Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Kuma hadisi ya inganta cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. To in dasawa sadaka ce, sai mu tambayi kanmu hukuncin wanda ya share dajin da dubban halittu ke ci a ciki don rufin ɗaki. Makarantun Islamiyyarmu na kai yara gidan zu su ga zaki a keji yana hamma, me zai hana a tara kuɗi a kai manyan ɗalibai su ga halitta a inda Allah ya ajiye ta.

Alhaji Mai Katako: Malam Allah ya gafarta, na ji, kuma ta taɓa ni. Amma a ba mu madadi. In akwai gonar itace da aka dasa don yanka, irin malaina da tik, da takarda ta gaskiya da za ta nuna daga inda kaya ya fito, wallahi ni zan fi kowa murna don na gaji da biyan kuɗin hanya. Yanzu katako ya iso gabana a yanke, ta ina zan gane na gandun gwamnati ne ko na gonar wani? Ku masu boko ku matsa a gyara can, mu nan ƙungiyarmu ta 'yan katako zan kai maganar a zamanmu na gaba, ko ba komai mu fara tambayar masu kawo mana kaya.

Maman Ilham: Abu Hanan tambaya ta ƙarshe, in mutum ya je Boki yaya maganar abinci da sallah? Kar a kawo min naman daji

Abu Hanan: Hajiya a Ikom da Ogoja akwai 'yan uwanmu da yawa, akwai masallatai da mahauta, a nan za ki yi guzurin nama ko kaji. Cikin ƙauye kuma doya da ayaba da kifi da miyar ganye ba za ki rasa ba, kina faɗa musu abin da ba kya ci za su kiyaye, shekara guda na yi a cikinsu ban taɓa samun matsala ba, har ɗakin da zan riƙa sallah mai gidana ya share min. Naman daji kuwa duk wanda ya je don Allah kar ya saya ko a bakin titi, ko na halal ne irin su gada, saboda tarkon wayar da ya kama gada shi ke cire wa ɗan gorila hannu.

Injiniya Sadik: To ni dai na shiga. Mu nawa ne za mu iya haɗa mota ɗaya a hutun Disamba? Ta Makurɗi da Gboko zuwa Obudu sai mu gangara Boki

Na Serti: Ku fara biyowa ta Serti mana, ko ku raba biyu

Abu Hanan: Kar mu wuce mutum takwas zuwa goma Injiniya, wurin ba ya ɗaukar taro. Zan kira ɗalibin nawa yau da daddare in ji nawa ne kuɗin rakiya na kwana uku da kuɗin ƙauye, kuma abin da ya faɗa shi za mu biya ba ragi. Kowa ya nemi takalmi mai rufi da doguwar safa saboda tururuwa, da maganin sauro da tocila. Alhaji akwai kujera ɗaya a gaba, naka ne in za ka.

Alhaji Mai Katako: Shekara ashirin ina sayar da itacen wurin ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Sa sunana, amma ranar Juma'a za mu yi sallah a Ikom.